Jirgin Ruwa da Makullin Gidan Bani Harisa

Ranar Alhamis ce, bayan sallar la'asar, a farkon watan Rajab. Mu huɗu ne a tsakar gidan mahaifiyata da ke Bani Harisa, a arewacin Madina: ita Inna, da ni, da ƙanena wanda shi ne autanmu, da matarsa. An zuba gahawa, an ajiye dabino a faranti, ba wanda ya kai ga taɓawa. Sai auta ya ciro wayarsa, ya matsa kusa da Inna, ya ce ta duba.

Hoton jirgin ruwa ne, fari fat, hawa kan hawa kamar otal-otal ɗin da suka kewaye Harami, Masallacin Annabi. Ya ja yatsa, wani hoton ya fito. Tsibiri ne mai farin yashi, ruwa shuɗi ya zagaye shi, ga bishiyar kwakwa guda ta sunkuya kamar mai ruku'u.

"Inna, na yanka muku tikiti," in ji shi. "Mako guda a teku. Daga Jidda zai tashi, ya zaga da ku tsibirai, ya dawo da ku Jidda. Ke da Yaya da ita." Ya nuna matarsa da haɓa.

Na ce, "Kai fa?"

"Aiki, Yaya. Ba su ba ni hutu ba."

Na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo a Jidda kafin in ajiye aiki in dawo gida. Abin da aikin ya bar mini bai wuce ɗabi'a guda ba: idan sanarwa ta zo da daɗi fiye da kima, nakan nemi abin da aka bari a waje. Auta mutum ne mai kyauta, wannan ba na musu. Amma kyautarsa buhun shinkafa ce, da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da maganin hawan jini. Bai taɓa kai kowa yawon buɗe ido ba, ko kansa.

Ga kuma maganar gidan, wadda duk wanda ke tsakar gidan nan a ranar ya san da ita. Mahaifinmu ne ya gina shi, hawa biyu, da matakala mai tsayi wadda ba ta da abin kamawa. A ƙasa akwai ɗaki guda da ya keɓe wa baƙi. Tun muna yara ba mu san ɗakin nan wofi ba. Masu ziyara daga Kano, daga Maraɗi, daga Sudan, wasu da wasiƙar wani dangi, wasu ba su san kowa ba, a Harami ya tsinto su. Yakan ce duk wanda ya shigo garin nan don ziyara ba baƙon kowa ba ne, baƙon Manzon Allah ne, mu masu hidima ne kawai. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, kowane ɗan Madina da wannan maganar aka yaye shi. Da ya rasu aka rufe ɗakin, aka jingine katifunsa a bango.

Inna kuwa a sama take kwana, don daga tagarta tana hangen Dutsen Uhudu. A shekarar da ta gabata ta zame a matakalar nan ta karya wuyan hannu. Tun daga lokacin auta ya kafa mata magana guda: ta bar gidan ta koma wurinsa a Al-Khalidiyya, inda yake da shagga, wato ɓangaren bene na haya, mai na'urar hawa da sauka. Ita kuma amsarta guda ce, ba ta ƙarawa ba ta ragewa: "Ta ƙofar nan aka fitar da mahaifinku zuwa Baƙi'a. Ta nan za a fitar da ni."

Saboda wannan burin na a binne ta a Baƙi'a, Inna ta daɗe ba ta kwana a wajen Madina ba. Bikin jikarta da aka yi a Riyad ma, turare da addu'a ta aika. Don haka da auta ya gama nuna hotunansa, na gyara zama ina jiran in ji yadda za ta ƙi.

Ta daɗe tana kallon bishiyar kwakwar. Ta ɗauki dabino guda, ta cire ƙwallon, ta ce, "To. Allah ya yi albarka."

Auta ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi faranti. Ni kuma na dubi Inna, domin a take zargina ya rabu biyu.

A rediyo ba ma karanta labari sai majiya biyu sun tabbatar da shi. A makon da ya biyo baya na samu fiye da biyu, ba tare da na fita nema ba.

Na zo wata safiya da burodin tamis, na ji motsi a sama. Inna tana Harami. Na hau, na tarar da auta durƙushe da tef ɗin awo. Da matakala yake aunawa, da na ce gyara zai yi. Ba ita yake aunawa ba. Gadon Inna yake aunawa, tsawo da faɗi, ya riga ya gama da kabat ɗin tufafinta.

"Me ake aunawa?"

"Gani na yi kamar ƙafar gadon ta karkace."

"Da tef ake gane karkatacciyar ƙafa?"

Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ce tamis ɗin nan na ina ne, yana da ƙamshi.

Bayan kwana biyu matarsa ta zo da kwalaye a naɗe, ta ce na adana kayan sanyi ne, alhali sanyin bai wuce ba. Ita haifaffiyar nan ce kamar mu, tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta zauna kusa da Inna tana tambayarta, cikin hira, wai a duk kayan gidan nan wanne ta fi ji da shi. Inna ta ce ƙofa.

Sai maganar makulli. Akwai na'ana'a da raihani da Inna ta shuka a tukwane a tsakar gida. Maƙwabciyarmu ce ke ba su ruwa duk lokacin da Inna ta kwanta asibiti, kuma tana da makullinta tun zamanin mahaifinmu. Auta ya ce kada a ɗora wa baiwar Allah nauyi, a ba shi makulli shi zai riƙa zuwa. Mutumin da aiki ya hana shi hutu ya samu lokacin shayar da na'ana'a. Inna ta kwance makullin daga bakin mayafinta ta miƙa masa, ko tambaya ba ta yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ran nan da ya ɗauke ni a motarsa zai sauke ni gidana a Al-Ranuna, na bari sai da muka tsaya a danja, sannan na ce, "Ran da jirgin zai tashi za ka kwashe kayan, ko sai washegari?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Yaya, kin ajiye aiki. Ki bar labarai su huta."

"Tambaya na yi."

"Ni ma in yi tawa. Ran da ta faɗi, ke kika ɗauke ta daga gindin matakala ko ni? Kin san tun yaushe take kwance a wurin kafin in shigo? Tun hantsi. Tana jin kiran sallar azahar ba ta iya tashi ba."

Na ce masa duk da haka gidanta ne, kuma ba a raba mutum da gidansa yana bayan ruwa. Ya ce in ta dawo ta tarar da gadonta a ɗaki mai kyau, da jikokinta a kusa, za ta yi fushi na mako guda ta huce. Ya ce fushin mako guda ya fi karaya ta biyu. Danja ta ba da hannu, ya ja mota. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. A aikinmu irin wannan shirun mukan ɗauke shi a matsayin tabbaci.

Washegari na je na gaya wa Inna duka, a jere: awon gado, kwalaye, makulli, da abin da aka faɗa a mota. Tana zaune a bakin gadon da aka auna, tana ninke zannuwa a akwati. Ta saurare ni har ƙarshe. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana.

"Ke 'yar rediyo," in ji ta, "komai kika gani sai kin karanta shi da ƙarfi?"

"Inna, gidan za a raba ki da shi."

"Miƙo mini wancan ƙunshin na saman kabat."

Na miƙo. Likkafaninta ne, wanda ta wanke da ruwan zamzam shekarun baya ta shanya ta adana. Ta sa shi a ƙasan akwatin, ta ɗora zannuwa a kai.

"In mutum ya cika a jirgin nan, a ruwa suke jefa shi?"

Na ce a'a, yanzu ba a yin haka, suna da wurin ajiya har a iso gaɓa.

"Kin tabbata, ko a rediyo kika ji?"

"Na tabbata."

"To in ta Allah ta kasance, ki dawo da ni. Ki shigo da ni gidan nan tukuna, sannan a fita da ni."

Daga nan ba ta sake taɓa maganar ba. Amma na fara lura da wasu abubuwa da ba su dace da mai shirin tafiya ba. Ta sa aka cika tukunyar gas. Ta sayi shinkafa da gero da busasshiyar kuɓewa. Ta sa maƙwabciya ta taimaka mata suka buɗe ɗakin ƙasa, aka share, aka fitar da katifu rana. Zamanta a Harami bayan sallar asuba ya ƙara tsawo, sai hantsi take dawowa. Da na tambaye ta gas ɗin na mene ne, ta ce gida ba ya zama ba wuta.

Na juya abin a raina ta fuskoki da dama. Ko dai ta yanke shawarar ranar tafiya za ta ce ƙafa ta riƙe ta, a fasa. Ko kuma ta sallama ne, tana gyara gidan don ta miƙa shi a tsabtace, kamar yadda ake wanke kwanon aro kafin a mayar. Na biyun ya fi tsorata ni. Na fi mako ina kallon mutum biyu da na sani tun haihuwa, ban iya cewa ga abin da ɗayansu zai yi ba.

Ranar tafiya ƙafa ba ta riƙe ta ba. Mun je Harami da asuba ta yi sallamar ban kwana, ta daɗe tsaye tana fuskantar Baƙi'a. Da hantsi auta ya zo ya ɗauke mu zuwa tashar jirgin ƙasa. Maƙwabciya tana tsaye a ƙofarta, ta ɗaga wa Inna hannu, Inna ta gyaɗa mata kai sau ɗaya. A tasha auta ya sauke akwatuna, ya sumbaci goshin Inna.

"Ki huta sosai, Inna. Kada ki sa komai a ranki."

"Ba abin da na sa. In za ka shiga gidan, ka yi sallama."

Ya yi dariya. "Wa zan yi wa sallama? Na'ana'a?"

"Ka dai yi."

A jirgin ƙasa Inna ta yi barcinta. Matar auta kuwa wayarta na hannunta tun daga Madina har Jidda, tana rubutu tana gogewa. In na dube ta sai ta juya allon wayar ƙasa.

Jirgin ruwan ya fi hotonsa girma. Daga inda mota ta sauke mu sai an ɗaga kai ake ganin ƙarshensa. Aka sa mu a layi, aka ba kowa kati na wuya, aka ce shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma shaidar hawa da sauka. Inna ta juya nata ta ce, "Na ba da makullin ƙarfe, an ba ni na roba." A wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya sa aka buɗe akwatinta. Ya ɗaga zannuwa, hannunsa ya kai kan farin ƙunshin, ya tsaya. Ya gane ko mene ne. Ya mayar da zannuwan yadda suke, ya rufe akwatin da kansa, ya ce mata da Larabci Allah ya ƙara nisan kwana. Aka turo mata keken marasa ƙarfi, ta ce a kai wa mai bukata.

Ɗakinmu yana da taga mai kallon ruwa. Abin da Inna ta fara tambaya alƙibla. Na nuna mata kibiyar da ke allon talabijin. Ta ce ita duk rayuwarta kudu take fuskanta, yau an ce gabas. Na ce a Jidda Makka tana gabas. Ta ce to in jirgin ya juya fa. Na ce kibiyar za ta juya tare da shi. Ta kalli allon kamar yadda take kallon mai sayar da nama in ya ce na yau ne.

Bayan la'asar aka buga ƙararrawa, aka tara mu a wani babban zaure, aka nuna mana yadda ake sa rigar ceto mai ruwan lemo, da inda kowa zai tsaya in wani abu ya faru. Inna ta ja hannuna.

"Tun ba a tashi ba ana koya mana nutsewa?"

"Doka ce, Inna."

"A gidanmu ba a taɓa shiga teku don daɗi ba."

Na san abin da take nufi. Kakarmu, mahaifiyarta, da ƙafa ta taso daga ƙasar Kano, ta yi shekaru a hanya tana aikatau a Sudan, sannan ta tsallako wannan tekun daga Sawakin a jirgin katako. Takan ba da labarin masu jirgin da sukan sauke mutane a gaɓar da ba kowa, su nuna wani tudu su ce Jidda na bayansa, su juya. Ita Allah ya tsare ta. Amma har ta rasu ba ta yarda da mutumin da ya ce mata "shiga, an kusa" ba.

Da rana ta yi sanyi muka hau saman jirgin. Mutane sun cika bakin ƙarfe suna ɗaukar hoto, yara na gudu, ana kiɗa a wani gefe. Na samo wa Inna kujera. A ƙasa ma'aikata suna kwance igiyoyi masu kaurin cinya. Matar auta ta ɗan janye daga gare mu, waya a kunne, na ga fuskarta ta sauya. Ta sauke wayar. Nan take tawa ta yi ƙara.

"Yaya." Muryar auta ce, a ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a bayan ƙofa. "Su waye a gidan?"

"Wane gida?"

"Gidan Inna mana! Na buɗe na shigo, na tarar da tsofaffi biyu a tsakar gida. Ɗaya tana tuƙa tuwo, ɗaya tana kan tabarmar Inna da carbi. Wai, 'Maraba, kai ne autan? An ce za ka zo.' An ce zan zo! Wa ya ce?"

"Kai kaɗai ka je?"

"Da dabbab na zo." Dabbab ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya. "Da ma'aikata biyu. Yanzu haka sun tuɓe takalma sun zauna, an zuba musu shayi. Ɗayan ɗan Nijar ne, wai garinsu ɗaya da su, ana ta gaishe-gaishe. Yaya, ke kika shirya wannan?"

Ban shirya ba, kuma na gaya masa. Inna ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. Na sa mata wayar a tafin hannu, na buɗe murya don kunnenta ya yi nauyi, don haka duk mun ji.

"Auta. Ka yi sallama?"

"Inna, su waye waɗannan?"

"Baƙin Manzon Allah ne. Daga Damagaram suka zo. Ya da ƙanwa. Babbar tana da ɗa direba a nan, a ɗakin gwauraye yake kwana, ba inda zai sa su. A Harami na same su, suna so su cika salla arba'in kafin su koma. Na ce ga gida."

Salla arba'in a jere a Masallacin Annabi buri ne na masu ziyara da yawa, tsofaffi musamman. Kwana takwas take ɗauka. Mu kuwa mako guda za mu yi. Inna ba ta je makaranta ba, amma lissafin bai kuskure ba.

"Inna, ai da kin gaya mini."

"Kai ka gaya mini?"

Ba a ji komai daga wancan gefen ba sai ƙarar muciya a tukunya, da muryar wata tsohuwa tana tambayar ko yaron nan yana cin yaji.

Na san abin da yake aunawa a ransa, wannan karon ba da tef ba. Makulli na hannunsa, mota na ƙofa, ba mai hana shi hawa sama ya sauko da gado. Amma sai ya ratsa ta gaban baƙin. Sai ya fitar da firij da tukwane da tabarmi suna kallo, a gidan mutumin da bai taɓa barin mai ziyara ya kwana a waje ba. Kafin magariba unguwa ta ji, kafin Juma'a duk Hausawan Madina sun ji. Ko ba wanda ya ji ma, shi ɗan gidan ne. Yana yaro shi ke kai wa baƙin ɗakin ƙasa ruwan alwala.

"Motar da ka zo da ita," in ji Inna, "kada ta koma wofi. Katifa ɗaya ta mutu, na ga tsakiyarta ta lotsa. Ka kai ta a sake, ka kawo musu mai kyau. Kuma babbar ƙafarta ba ta da lafiya, ka riƙa kai su Harami da asuba. Tunda dama kullum za ka zo ba na'ana'a ruwa."

Ya ce, "To, Inna."

"Allah ya yi albarka. Ka ci tuwon, kada ka kunyata ni."

Ta miƙo mini wayar. A daidai lokacin jirgin ya yi wata irin ƙara mai kauri wadda na ji ta har a ƙirjina, mutane suka ɗauki tafi. Tsakanin jirgin da gaɓa wani siririn ruwa ya buɗe, yana faɗaɗa a hankali.

Matar auta ta matso ta durƙusa a gaban Inna, idonta ya kawo ruwa, tana kuma danne dariya. A karo na farko da na taɓa ji, ta yi magana da Hausa, a karye: "Inna, wallahi ni na gaya masa. Na ce Inna tana gani." Inna ta dafa kanta ta ce ta tashi, mutane na kallo, ta je ta nemo mana shayi in akwai na kirki a wannan otal ɗin mai tafiya.

Da ta tafi na ja kujera kusa. Akwai abin da bai daidaita mini ba tukuna.

"Inna, tun yaushe kika sani?"

"Tun da ya ce shi ba zai je ba."

"To me ya sa ba ki ƙi kawai ba? Da kin ce a'a, shi ke nan, ba sai kin kwana a wajen Madina ba."

"In na ƙi jirgi, gobe da likita zai zo. In na ƙi likita, ya tara mini dangi. Yaron nan tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Mai tsoro ba ya jin magana. Gara ya zo da motarsa har ƙofa, ya shiga, ya ga gidan wane ne."

"Ni kuma da kika bari ina ta bin sawu?"

"Da na gaya miki, da kin karanta masa."

Ban musa ba. Ta gyara mayafinta don iska ta fara ƙarfi. Gine-ginen Jidda suna ja da baya, fitilunsu sun fara kamawa. Ta daɗe tana kallon yamma, inda ba komai sai ruwa.

"Ta can kakarku ta zo?" in ji ta.

Na ce ta can, Sawakin tana wancan gefen, kudu kaɗan.

"Da faɗi," in ji ta. Da aka kira magariba, muka sauka neman kibiya.

A tsibirin da aka fara sauke mu akwai farin yashi, akwai ruwa shuɗi. Bishiyar kwakwa kam ban ga ko ɗaya ba, laimomi ne aka kakkafa. Inna ba ta sauka ba. Ta ce ita ba a sauke ta a gaɓar da ba kowa, ta zauna a inuwa a saman jirgi tana kallon masu sauka har suka dawo.

Da muka koma Madina mun tarar da komai a inda yake, da sabuwar katifa a ɗakin ƙasa, da baƙin suna shirin cika sallarsu washegari. Auta ne ya kai su filin jirgin sama. Bayan tafiyarsu Inna ta ce a sauko mata da gadonta ɗakin baƙi, tunda an riga an share shi. Auta ne ya sauko da shi, bai kuma bukaci sake awo ba. Tana gidan har yanzu.